Minti na Arba'in da Ɗaya a Littafin Kawu

Ranar Talata bayan La'asar muka kai Kawu makwancinsa. Na Allah muke, wurinSa ake komawa ɗaya bayan ɗaya, wannan karon kira ya zo kan ƙanen mahaifiyata. Da muka dawo daga maƙabarta na tarar da ita zaune a tsakar gida, ba ta kuka, tana kallon ƙasa. Abin da ta yi ta maimaitawa shi ne, "Ni na goya shi. Ni ya kamata in riga shi."

An shimfiɗa tabarmi a ƙofar gidan a Makera, har suka tare rabin layin. Masu wa'azi sun zo, mawaƙan biki sun zo, da matan coci daga Unguwar Boro sanye da zane iri ɗaya, suka durƙusa suka yi wa matarsa gaisuwa. Wani mai sayar da kaset daga Tudun Wada ya ce, "Kunnen garin nan ne ya tafi." Wani ɗan siyasa ya zo da mota biyu, ya yi addu'a da ƙarfi don kowa ya ji, ya tafi bai sha ruwa ba. Babban ɗan Kawu, wanda abokin wasana ne tunda ni ɗan mace ne shi ɗan namiji, ya zauna a ƙofar ɗakin aikin babansa da makulli a hannu. Bai buɗe ba, bai kuma tashi daga wurin ba.

Mutum ɗaya na yi ta duba hanya ban gani ba, wato Baba Kafinta, tsohon maƙwabcin Kawu. Sai rana ta uku ya zo. Zan faɗi abin da ya kawo shi, amma sai na fara faɗin wane ne Kawu, domin waɗanda suka san shi suna raguwa, ni kuma ina tsoron a manta.

Kawu mai ɗaukar murya ne. Ya yi ƙuruciyarsa a gidan rediyo, zamanin da ake yanka tef da reza a liƙe. Da ya bar aiki ya buɗe ɗan ɗaki a bayan gidansa, ya manna katifu a bango, ya ci gaba da sana'arsa. Da soja suka koma bariki aka dawo mulkin farar hula, sai bakin kowa ya buɗe. Ƙungiya ta yi taro tana son kaset, ɗan takara yana son waƙa, malami yana son karatunsa ya kai ƙauye. A lokacin ne ɗansa ya matsa masa har ya sayi kwamfuta.

Na tuna ranar da ya fara nuna mini. Ni malamin allo ne, ban san komai a wannan fanni ba. Ya ce, "Malam, matso ka ga muryarka." Na yi sallama a makirufo, sai ga ta a gilashi kamar jerin tuddai, wasu dogaye wasu gajeru. A samansu akwai wani siririn layi. In ya ja layin sama, wurin ya yi ƙarfi. In ya ja shi ƙasa, sai ka ji kamar mutumin ya koma bayan gida yana magana. Ya ja sallamata ƙasa har ta ɓace, ya bar tarin da na yi bayanta, ya ɗaga shi.

Ya ce, "Ka ji? Yanzu wanda ya saurara zai rantse ka shigo ba sallama, tari kawai ka yi mana."

Na yi dariya. Shi bai yi ba.

Ya ce, "Da, in na yanka tef, tabon yana nan, kowa zai gani. Wannan ba ta barin tabo. In ka adana, shi ke nan, kamar haka Allah Ya yi maganar."

Tun daga ranar ya sayi littafi mai baƙin bango. Da Ajami yake rubutu, don shi ne hannunsa ya fi saurinsa, a zaure ɗaya muka koya wurin kakana, shi da daɗewa, ni daga baya. Kowane aiki yana da shafinsa. Duk inda ya taɓa layin nan sai ya ajiye linzamin kwamfuta ya ɗauki biro: minti kaza, daƙiƙa kaza, na ɗaga mataki uku, domin mai magana ya juya baya. Minti kaza, na sauke biyu, domin babur ya wuce. Kuma ba ya taɓa ainihin abin da ya ɗauko. Wannan yana kiransa uwa. Sai ya kwafe ta a faifai ya saka a akwatin ƙarfe, sannan ya yi aiki a kan 'ya.

Tambayoyinsa uku ne, duk wanda ya zauna da shi ya haddace su: "Nawa ka ɗaga? A ina? Don me?" Har a gida yake yin su. In matarsa ta kawo ƙarar wata maƙwabciya, sai ya ce, "Hajiya, a wannan labarin nawa kika ɗaga?" Ta ce, "Kai dai Allah Ya shirye ka, ni ba kaset ba ce."

Yana da wata ɗabi'a, in magana ta dame shi sai ya kama leɓen kunnensa na dama yana murzawa. Ba ya son fanka in yana aiki, komai zafi. Ba ya cin goro, wai yana jin ƙarar taunarsa a cikin kai.

Mawaƙa da yawa sun yi fushi da shi. Wani ya ce ya ɗaga masa tafin jama'a don a ji kamar fili ya cika. Kawu ya ce zai ɗaga, amma zai rubuta, kuma duk wanda ya tambaya zai nuna masa. Mawaƙin ya kwashe kayansa ya tafi wani wuri. Amma shi ne kuma ya kwana biyu a kan muryar wata tsohuwa da 'ya'yanta suka ɗauka tana wasiyya, murya ta shige ciki, numfashi ya fi magana yawa. Ya bi ta kalma kalma yana ɗagawa, shafi huɗu ya cika, bai karɓi komai ba. Ya ba su kaset ɗin tare da takardar, ya ce, "Ga inda na taimaka mata. Ban ƙara mata ko harafi ba."

Rigimarsa da ɗansa a kan littafin nan ta daɗe. Ɗan ya fi shi sauri nesa ba kusa ba, magidanci ne mai 'ya'ya biyu, ya yi karatun boko.

Yana cewa, "Baba, kwamfuta tana da komawa baya. Me ye amfanin wannan rubutun tsutsa?"

Kawu ya ce, "In ka kashe ta ka kunna gobe, tana komawa?"

"Ba ta komawa."

"To littafina yana komawa."

Ni kuwa ina tsokanarsa, ina cewa, "Ƙyale shi, Kawu, bai iya karantawa ba ne, kunya yake ji." Shi ya ce, "Kai malamin gardi, je ka wanke allonka."

Baba Kafinta kuwa katanga ɗaya ta raba su da Kawu shekaru masu yawa. Kirista ne daga kudancin jihar, shi ya ƙera wa Kawu teburin aiki da ƙofar da ba ta shigar da ƙara. Kullum suna faɗa a kan guduma. Kawu ya leƙa ta katanga ya ce, "Oga, minti goma, ina ɗauka!" Kafinta ya ce, "Malam, in na tsaya kai za ka ciyar da ni?" Amma sai guduma ta yi shiru. Ranar Lahadi kuma Kawu ne ke gyara wa mawaƙan cocinsu lasifika.

Sai aka shiga wata shekara da gari ya fara ɗaci. Waɗanda suka zauna a Kaduna lokacin ba sa bukatar in bayyana. Mutane suka fara lura da wanda ke sayen nama wurin wa. In taya ta fashe a titi, sai ka ga an fara rufe shaguna. Hayaƙin matatar mai da muke hangowa ta wajen Rido kullum, wanda ba mai kula shi, sai ya zama mutane suna tsayawa su tabbatar shi ne ba wani ba. A unguwarmu jita-jita ta tashi a kan rumfunan kasuwa, wai za a ƙwace na waɗansu a ba waɗansu. Dattawa suka kira taron sulhu a filin firamare, Musulmi da Kirista, suka ce Kawu ya ɗauka a rarraba kaset, don waɗanda ba su zo ba su ji an daidaita.

Taro ya yi kyau. Ina wurin. Kawu ya yi aikinsa a kwana biyu, ya cika shafinsa, saura kwafewa kawai, sai aka aiko masa rasuwar wani amininsa a Zariya. Ya bar wa ɗansa, ya ce ya kwafa sittin kafin Juma'a.

Ya dawo bayan kwana biyar. Washegari da hantsi ina karantar da yara sai ga shi, yana murza kunne.

Ya ce, "Malam, sallami yaran nan ka zo."

A hanya ya gaya mini. An rubuta wa Baba Kafinta alama da gawayi a ƙofa. Matarsa ta je ɗibar ruwa, matan layi suka kwashe bokitansu suka bar ta ita kaɗai. Samari suna yawo da kaset ɗin taron suna saka wa mutane wuri ɗaya, suna mayarwa.

Muka shiga ɗaki ya saka. Na ji da kunnena. An yi wani ɗan shiru mai gurnani, sai wata murya ta fito sarai tana cewa, "A ƙona rumfunansu!" Nan take sai muryar Baba Kafinta, wadda kowa ya sani, ta ce, "Haka ne. Haka za a yi."

Na ce, "Kawu, ba haka aka yi ba. Ina wurin."

Ya ce, "Ni ma ina wurin. Dattawa sun faɗa wa samarin, su kuwa sun ce kaset ba ya ƙarya, tsofaffi ne ke rufa masa asiri. Liman kuma, da ya yi jawabi a taron, ya tafi garinsu jinya." Ya miƙo mini littafin. "Karanta mini minti na arba'in da ɗaya."

Na karanta: na ɗaga Liman mataki huɗu, domin ya yi nesa da makirufo, yana kusa da janareta. Babu wani abu bayan wannan sai minti na arba'in da shida.

Ya ce, "A kaset ɗin nan ka ji Liman?"

"Ban ji ba."

Ya buɗe ƙofa ya kira ɗansa.

Ba da mugunta ɗan ya yi ba, wannan na shaida, kuma zan shaida gaban Allah. Ya ce da zai kwafa sai ya buɗe aikin ya duba. Akwai baƙi a ɗakin suna surutu, ya rage lasifika. Ya ga wani wuri ya yi kauri baƙi ƙirin, ya ɗan saurara ya ji gurnanin janareta, sai ya ja shi ƙasa. Kusa da shi ya ga wani ɗan tudu ƙarami, ya ɗauka amsawar jama'a ce, ya ja shi sama ya daidaita da sauran. Ya adana a kan na babansa. Bai rubuta ba. Abin bai kai minti ɗaya ba.

Kawu ya dube shi. Ya ce, "Da ido ka gyara maganar mutane?"

Sai ya ƙara masa da tambayarsa ta kullum.

"Nawa ka ɗaga?"

"Ban sani ba, Baba."

Ban taɓa jin kalmar da ta yi nauyi a ɗakin nan kamar wannan ba.

Matar Kawu ta tsaya a bakin ƙofa, ta ji komai. Ta ce wa mijinta, "Malam, ka ce inji ne ya lalace. Wa zai sani? In ka ce yaron nan ne, kansa za su juyo."

Kawu ya ce, "In na ce inji ne, za su ce injin bai ƙirƙiro muryar Kafinta ba. Sai an nuna musu hannun da ya taɓa kaset ɗin, Hajiya. Mutumin nan da 'ya'yansa shida katanga ɗaya muke."

Bayan Azahar ya aika aka kira dattawa huɗu da samari biyar, har da babbansu, wani mai gyaran babur da ba ya murmushi. Ɗakin ba ya ɗaukar mutum goma, amma muka cushe, ba fanka, gumi yana zuba. A waje layin ya cika da mutane, ba hayaniya, kuma wannan shirun ya fi ba ni tsoro. Baba Kafinta yana cikin gidansa, an kulle ta ciki.

Kawu ya ciro uwa daga akwatin ƙarfe. Mai gyaran babur ya ce, "Baba, da girmanka, amma wanda ya iya gyara wancan ya iya gyara wannan."

Kawu ya ce, "Gaskiyarka. Shi ya sa ba ni zan karanta ba. Ga Malam, ya karantar da ƙannenka. Shi zai karanta littafin, ni in yi abin da ya karanta a gabanku, ku gwada da kaset ɗin da ke hannunku. In layi ɗaya ya saɓa, ku ce na yi ƙarya."

Haka muka yi. Na karanta minti na uku, ya ja layin, aka saurara, aka saka kaset ɗinsu, daidai. Minti na bakwai, daidai. Wuri goma sha tara muka bi, har suka fara gane abin da kansu, wani yana cewa, "Ga babur ɗin nan da aka sauke." Sai muka iso arba'in da ɗaya. Na karanta. Kawu ya ɗaga mataki huɗu.

Daga ƙarƙashin gurnanin janareta muryar Liman ta fito, siririya, ta tsufa: "Duk wanda ya taɓa rumfar maƙwabcinsa, tamu ya taɓa gaba ɗaya, mu tsaya masa." Can nesa, daga bayan katangar makaranta, wani ya yi ihu da ƙyar ake jinsa, har yau ba a san ko wane ne ba. Sai Baba Kafinta ya amsa wa Liman: "Haka ne. Haka za a yi."

Aka mayar sau uku.

Mai gyaran babur ya ce, "To wa ya danne Liman?"

Kawu ya ce, "Hannun gidana ne."

Ɗansa ya miƙe daga lungu ya ce, "Ni ne." Ya faɗi yadda aka yi, bai rage ba. Wani saurayi ya yunƙura, mai gyaran babur ya tare shi da hannu. Ya dubi Kawu ya ce, "Mu tara mun ji. Waɗanda suka kwafa daga namu fa? An kai Tudun Wada, an kai Kakuri."

Kawu ya kama kunnensa.

An goge gawayin a ranar. Kawu ya fitar da lasifika ƙofar gida ya saka wa mutanen layi uwa suka ji. Ba a taɓa Baba Kafinta ba, alhamdu lillahi. Amma bai ƙara wata uku ba ya sayar da gidan ya koma Romi, inda nasa suka fi yawa, kamar yadda namu na can suka dawo nan. Ranar da zai tashi ya leƙo ta katanga ya ce, "Malam, yanzu ka huta da guduma." Kawu ya shige ɗaki bai fito ba sai Magariba.

Sauran shekarunsa a neman kaset ɗin nan suka tafi. Ya ware shafin ƙarshe na littafin, yana jan layi duk wanda ya samo. Yana zuwa tasha, wurin masu shayi, shagunan masu kaset, ya ba da na gaskiya ya karɓi na kuskure ya fasa da dutse. Daga cikin sittin ya samo hamsin da bakwai. 'Ya'yan da aka haifa daga gare su kuwa, Allah kaɗai Ya san adadinsu. Bai taɓa yi wa ɗansa gori ba. Abu ɗaya ya yi, ya zaunar da shi, magidanci da gemu, ya koya masa Ajami daga alif.

A rana ta uku ta zaman makoki, da hantsi, Baba Kafinta ya sauka daga acaɓa. Ya tsufa, yana dogara sanda. Ya cire hula ya gaisa da kowa, ya shiga ya yi wa Hajiya gaisuwa, na ji kukanta daga waje, karo na farko tun rasuwar. Da ya fito ya ja ni gefe, ya kira ɗan Kawu.

Ya ce, "Malam, ban zo da wuri ba don 'ya'yana sun hana ni ƙetarowa. Muryata ta shiga waya."

Ya ciro wayar hannu. Wani ya tura wa 'yarsa a wurin aiki, bai san babanta ba ne. An yanke komai, an bar daƙiƙa takwas. Ihu, sannan shi. Ga zaɓe yana matsowa, an fara manna hotuna a bango.

Ya ce, "Wannan ba ya fasuwa da dutse. Littafin yana nan?"

Ɗan Kawu ya buɗe ɗakin da ya kwana uku yana gadi. Littafin yana kan tebur, akwatin ƙarfe yana ƙarƙashi. Ya buɗe shafin da kansa, ya ɗora yatsa, ya karanta minti na arba'in da ɗaya a hankali, harafi harafi, bai yi kuskure ba.

Baba Kafinta ya ce, "In sun zo, wa zai ja layin?"

Ɗan ya ce, "Ni, Baba."

"Wa zai karanta?"

Na ce, "Ni, in da rai."

Ya gyaɗa kai, ya shafa teburin da ya ƙera, ya ce ƙafar teburin ɗaya ta fara rawa, a kawo masa ya gyara.

Allah Ka ji ƙan Kawu, Ka yalwata masa kabari, Ka sauke masa abin da ya yi nauyi, Ka ɗaga masa abin da ya yi na alheri a ɓoye. Ka sa littafinsa na can ya zo masa ta dama.

Littafinsa na nan kuwa na ɗinka masa gafaka ta fata irin wadda muke saka takardun karatu. Uwa tana ciki. Ban saka su a akwati ba. Suna rataye a ƙusa bayan ƙofata, inda hannu zai kai da sauri.